Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Shiga Tsakanin Koriya da Japan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, kuma ina yawan kallon finafinan Koriya da ake fassarawa da Hausa. Na lura cewa duk fim ɗin da ya taɓo zamanin da, mugun cikinsa ko dai sojan Japan ne, ko kuma ɗan ƙasa mai yi wa Japanawa aiki. Ni da na ɗauka duk jinsi ɗaya ne. Mene ne ya shiga tsakaninsu? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malama, ba jinsi ɗaya ba ne, kuma mutumin Koriya ba ya jin daɗi a haɗa shi da na Japan. Harshensu daban, kuma suna da rubutunsu na kansu mai suna Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙirƙiro a shekarar 1443. Abin da ya shiga tsakaninsu mulkin mallaka ne na shekara 35, daga 1910 zuwa 1945, wanda kafinsa ma an shafe fiye da shekara talatin ana zare wa Koriya ikonta sannu a hankali.

Koriya zirin ƙasa ce da teku ya kewaye ta ɓangare uku, kuma Allah ya zaunar da ita tsakanin Sin da Rasha da Japan. Mutanenta suna da karin magana cewa idan manyan dabbobin teku suka yi faɗa, gadon bayan jatan lande ne ke karyewa. Gidan sarautar Joseon ya riƙe ƙasar tun daga 1392, yana kai gaisuwa fadar sarkin Sin, amma harkokin cikin gida suna hannunsa. A 1876 Japan ta zo da jiragen yaƙi ta tilasta wa Koriya sa hannu a yarjejeniyar Ganghwa, aka buɗe mata tashoshin ruwa uku, aka kuma yarda cewa duk mutumin Japan da ya yi laifi a can jami'an ƙasarsa ne za su yi masa shari'a. Abin lura shi ne, irin wannan shigar ƙarfi Amurka ta yi wa Japan kanta shekara ashirin da 'yan kai kafin nan.

A 1894 manoman kudancin Koriya suka yi bore saboda zaluncin masu karɓar haraji. Sarki Gojong ya nemi Sin ta kawo masa sojoji, sai Japan ita ma ta aiko da nata ba tare da an gayyace ta ba, yaƙi ya ɓarke tsakanin baƙin biyu a ƙasar mai gida, Japan ta yi nasara a 1895. Matar sarki, Sarauniya Min, ta fara karkata ga Rasha don neman mai taka wa Japan birki. Da asubahin ranar 8 ga Oktoba 1895 wasu mutane ɗauke da takubba suka kutsa fadar Gyeongbok suka kashe ta, suka ƙone gawar. Jakadan Japan na lokacin, Miura Goro, an gurfanar da shi a Hiroshima, aka sake shi da cewa babu isasshiyar shaida. Sarki da kansa ya tsere daga fadarsa a Fabrairun 1896, ya fake a ofishin jakadancin Rasha har kusan shekara guda. Da Japan ta ci Rasha da yaƙi a 1905, babu sauran mai ce mata kul. A Nuwamban wannan shekara, sojoji na kewaye da fada, aka sa ministoci biyar suka amince da takardar da ta miƙa wa Japan huldar Koriya da ƙasashen waje. Sunan ɗaya daga cikinsu, Yi Wan-yong, ya zama zagi a Koriya har gobe. Ingila da Amurka duk sun kawar da kai, domin kowace tana da nata yankunan da take so a ƙyale mata. Wannan ya faru ne shekara biyu bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, saboda haka zamanin ɗaya ne, kuma ƙa'idar da manyan ƙasashe ke bi a lokacin ɗaya ce.

Gojong ya aika wakilai uku a asirce zuwa babban taron zaman lafiya na birnin Hague a 1907 su kai ƙara, amma ko zauren taron ba a bar su sun shiga ba. Japan ta tuɓe shi, ta naɗa ɗansa, ta rushe rundunar sojan ƙasar. A ranar 26 ga Oktoba 1909 wani ɗan Koriya, An Jung-geun, ya harbe Ito Hirobumi, wanda ya fara riƙe muƙamin wakilin Japan mai iko a Koriya, a tashar jirgin ƙasa ta Harbin. An rataye shi a 1910. A Koriya gwarzo ne da ake koyar da tarihinsa a makaranta, a Japan kuwa hoton Ito ne aka buga a takardar kuɗi ta yen dubu na tsawon shekaru. Daga wannan kaɗai mai karatu zai gane yadda ƙasashen biyu ke karanta shafi ɗaya na tarihi. A Agustan 1910 aka haɗe Koriya da Japan baki ɗaya.

A nan ne ya kamata mu ajiye ma'aunin da muka saba da shi. Turawan Ingila sun mulki Arewa ta hannun sarakuna da alƙalai, da jami'ai Turawa 'yan ƙalilan. Japan kai tsaye ta yi nata mulkin. Duk gwamnan da ta naɗa a Seoul babban hafsan soja ne, kuma zuwa shekarun 1940 Japanawan da ke zaune a Koriya sun haura 700,000, suna riƙe da manyan kujeru tun daga ofis har makaranta. A shekaru goman farko malaman makarantun gwamnati da kaki da takobi suke shiga aji, kuma dokar bulala ta 1912 kan 'yan Koriya kaɗai take aiki.

Gojong ya rasu a Janairun 1919, raɗe-raɗin an sa masa guba ya cika gari. A ranar 1 ga Maris shugabannin addinai 33 suka fitar da takardar shelar 'yanci, ɗalibai suka karanta ta a dandalin Tapgol da ke Seoul, jama'a suka fantsama tituna suna kirarin “Manse”, wato fatan ƙasarsu ta yi shekara dubu goma. Zanga-zangar ta bazu ko'ina cikin ƙasar har tsawon watanni, akasarinta ba makami. Hukumomin Japan sun ce mutum 553 aka kashe, lissafin 'yan Koriya kuwa ya kai kusan 7,500. A ƙauyen Jeam-ri sojoji suka tara maza a coci, suka buɗe musu wuta, suka cinna wa ginin wuta. Wata ɗaliba, Yu Gwan-sun, ta jagoranci fitowar mutane a kasuwar garinsu, aka harbe mahaifinta da mahaifiyarta a ranar, ita kuma ta mutu a kurkukun Seodaemun a 1920 tana da shekara 17. Boren bai kawo 'yanci ba, amma ya haifar da gwamnatin gudun hijira a Shanghai, ya kuma sa Japan ta ɗan sassauta, har ta bari aka kafa jaridun Dong-A Ilbo da Chosun Ilbo a 1920.

Abin da ya fi ci wa mutanen Koriya rai, a fahimtata, shi ne shekaru goman ƙarshe, lokacin da Japan ta ƙudura cewa ba mulkarsu kaɗai za ta yi ba, mayar da su Japanawa za ta yi. Ki dubi abin da ya sami Sohn Kee-chung. Ya lashe tseren dogon zango a gasar Olamfik ta Berlin a 1936, amma da sunan Japan, Son Kitei, aka kira shi, da tutar Japan a ƙirjin rigarsa, taken Japan aka kaɗa. Ya tsaya a kan dandamali kansa a sunkuye, ya rungume ɗan dashen itacen da ake ba wanda ya zo na ɗaya, ya kare tutar da shi. Jaridar Dong-A Ilbo ta buga hoton bayan ta goge tutar, sai aka kama ma'aikatanta, aka rufe ta na tsawon watanni. Wannan Sohn ɗin ne dattijon da ya shigo da wutar gasar Olamfik cikin filin wasa na Seoul a 1988, yana tsalle kamar yaro.

Daga 1937 aka tilasta wa ɗalibai haddace rantsuwar biyayya ga sarkin Japan, aka riƙa kai mutane wuraren bautar Shinto, addinin gargajiya na Japan, su sunkuya, Kiristocin da suka ƙi aka rufe makarantunsu, wasu suka mutu a tsare. Aka fitar da harshen Koriya daga makarantu, yaron da aka ji yana yinsa a sha hukunci. A 1940 aka zo kan suna. Sunan gida a wurinsu ba abin wasa ba ne, domin yana nuna zuriyar mutum da garin da kakansa na farko ya fito, kuma gidaje suna ajiye littafin salsala na ɗaruruwan shekaru. Aka ba su wata shida su yi rajistar sunaye irin na Japan. A takarda ba dole ba ne, amma wanda ya ƙi yana iya ganin an hana ɗansa makaranta ko an tsallake shi a rabon abinci, saboda haka kusan kashi 80 cikin ɗari na gidaje suka yi. A 1942 aka kama malaman da ke haɗa babban ƙamus na harshen Koriya, aka azabtar da su, biyu suka mutu a kurkuku. Takardun ƙamus ɗin, waɗanda aka ƙwace a matsayin shaidar laifi, sai bayan tafiyar Japanawa a 1945 aka tsince su a wani sito na tashar jirgin ƙasa ta Seoul, da su aka ƙarasa aikin.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara nasa. An kwashi dubban ɗaruruwan maza zuwa ramukan kwal da masana'antun Japan, daga 1944 kuma aka fara ɗibar samari aikin soja dole. Dubban 'yan Koriya suna cikin waɗanda bam ɗin nukiliya ya hallaka a Hiroshima da Nagasaki. An kuma kwashi 'yan mata, wasu da yaudarar za a ba su aiki, wasu da ƙarfi, aka tsare su a gidajen da sojojin Japan ke biyan buƙatarsu da su. Kunya ta rufe bakin waɗanda suka tsira har zuwa Agustan 1991, lokacin da wata tsohuwa, Kim Hak-sun, ta fito fili ta ba da labarinta. Tun Janairun 1992 ake taruwa kowace Laraba a gaban ofishin jakadancin Japan a Seoul saboda su.

Japan tana cewa an rufe batun diyya da yarjejeniyar 1965, wadda ta ba Koriya ta Kudu kyautar dala miliyan 300 da rancen miliyan 200, kuma ta nemi afuwa fiye da sau ɗaya, ciki har da jawabin kakakin gwamnatinta Yohei Kono na 1993 da na Firayim Minista Murayama na 1995. 'Yan Koriya suna amsawa da cewa gwamnatin soja ce ta karɓi kuɗin ta zuba a masana'antu, waɗanda aka zalunta ba su ga abin kirki ba, kuma duk lokacin da aka nemi afuwa sai wani ɗan siyasar Japan ya ziyarci wurin bautar Yasukuni, inda ake girmama har da waɗanda aka samu da laifin yaƙi. A 2018 kotun ƙolin Koriya ta Kudu ta umarci wasu kamfanonin Japan su biya tsofaffin 'yan aikin tilas, rikicin ya kai har kan ciniki a 2019. Duk da haka kada fim ya sa ki ɗauka gaba ake yi a titi, domin miliyoyin mutane ke kai wa juna ziyara tsakanin ƙasashen biyu a kowace shekara.

TAMBAYA: Na taɓa jin wani malami yana cewa Japan ce ta shimfiɗa wa Koriya layin dogo da masana'antu, kuma a kan wannan harsashi ne arzikin Koriya ta Kudu ya tsaya. Shin gaskiya ne? Daga wani malamin makaranta a Maraɗi.

AMSA: Malam, muhawara ce da masana tarihi ke yi har a cikin Koriya, kuma ba a banza ba. An kammala layin dogo daga Seoul zuwa Busan a 1905, an gina madatsar Supung a kan kogin Yalu da katafariyar masana'antar taki a Hungnam, an buɗe jami'a a Seoul a shekarun 1920. Musun wannan musun abin da ido ya gani ne. Sai dai duk wanda ya san dalilin da ya kawo jirgin ƙasa Kano a 1911, da inda gyaɗa da auduga suka riƙa nufa, zai san tambayar da ta kamata ya yi. Layin dogon Koriya an tsara shi ne ya kai soja da kaya zuwa Manchuriya, yankin arewa maso gabashin Sin. An bunƙasa noman shinkafa, amma ta tashar Gunsan da makamantanta ake lodinta zuwa Japan, manomin da ya noma ta kuma ya koma cin geron da ake shigowa da shi daga Manchuriya. Aikin safiyon filaye na 1910 zuwa 1918 ya tabbatar wa masu takarda mallakarsu, ya bar manoma da yawa suna noman haya, suna miƙa kusan rabin amfanin gona ga mai ƙasa. Jami'ar nan kuwa, ɗaliban Japan ne suka fi yawa a cikinta, kuma lokacin da Japan ta fita yawancin manyan mutanen ƙasar ba su iya karatu ba.

Akwai kuma abin da masu wannan ra'ayi ba su cika amsawa ba. Manyan masana'antu da wutar lantarki a arewa aka gina su, Kudu ƙasar noma ce, kuma yaƙin 1950 zuwa 1953 ya ragargaza mafi yawan abin da ke tsaye a duk ɓangarorin. A farkon shekarun 1960 Koriya ta Kudu tana cikin matalautan ƙasashen duniya. Abin da ya ɗaga ta ya fi kama da rabon filaye ga manoma da aka yi a 1950, da sa kowane yaro a makaranta, da tallafin Amurka, da tsarin sayar da kaya waje. Inda nake ganin gadon Japan ya fi bayyana shi ne a salon mulki: Park Chung-hee, wanda ya ƙwace mulki a 1961 ya kuma jagoranci bunƙasar, tsohon hafsa ne a rundunar Manchukuo, ƙasar da Japan ta kafa a Manchuriya, kuma irin gwamnati mai tsauri da ke jan ragamar manyan kamfanoni da ya gani a can ita ya gina.

TAMBAYA: Tunda Japan ce ta sha kashi a yaƙi, me ya sa Koriya aka raba biyu ba ita ba? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wannan tambaya 'yan Koriya da kansu suna yinta cikin ɗaci. Dalilin shi ne ba su ne suka kori Japan ba, saboda haka ba su zauna a wurin rabo ba. A taron Alƙahira na 1943 Amurka da Ingila da Sin sun yi alƙawarin Koriya za ta sami 'yanci idan lokaci ya yi, ba tare da an faɗi lokacin ba. A Agustan 1945 Tarayyar Sobiyet ta shiga yaƙi da Japan, sojojinta suka kwararo daga arewa, alhali na Amurka suna nesa a Okinawa. A daren 10 ga Agusta aka ba hafsoshin Amurka biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, aikin nemo iyakar da kowane ɓangare zai karɓi miƙa wuyan sojojin Japan. Suka duba taswira suka zaɓi layi na 38 cikin layukan da ke ratsa taswirar duniya daga gabas zuwa yamma, domin ya bar Seoul a hannun Amurka, Stalin, shugaban Sobiyet, kuma ya amince. Babu ɗan Koriya ko ɗaya da aka tuntuɓa, kuma layin bai bi kogi ko dutse ko iyakar lardi ba.

An so ya zama na wucin gadi. Amma kowane baƙo ya ɗora wanda ya yi masa: a arewa Kim Il-sung, wanda ya yi yaƙin sunƙuru da Japan a Manchuriya kafin ya koma Rasha, a kudu kuma Syngman Rhee, wanda ya shafe shekaru a Amurka. Gwamnatin sojan Amurka ƙarƙashin Janar John Hodge ta ƙi amincewa da kwamitocin jama'a da suka kafa kansu bayan tafiyar Japan, ta kuma ci gaba da aiki da 'yan sandan da suka yi wa Japan hidima, har mutum ya ga wanda ya azabtar da shi jiya ya dawo da sabon kaki. Kwamitin da majalisar Kudu ta kafa a 1948 don hukunta 'yan koren Japan, 'yan sanda suka kai wa ofishinsa farmaki a 1949, ya watse ba tare da ya yi abin kirki ba. Wannan ne asalin ɗan ƙasa maci amana da mai tambaya ta farko ke gani a fim. Kim Gu, shugaban gwamnatin gudun hijira, ya je har Pyongyang a 1948 don hana rabuwar, bai yi nasara ba, aka harbe shi a Seoul a Yunin 1949.

An kafa gwamnatin Kudu a 15 ga Agusta 1948, ta Arewa a 9 ga Satumba. A 25 ga Yuni 1950 Arewa ta tsallako, Amurka da ƙawayenta suka shigo da tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, har da bataliyar sojojin Habasha, Sin kuma ta shigar wa Arewa. Miliyoyin mutane suka mutu, aka tsagaita wuta a 27 ga Yuli 1953 kusa da inda aka fara, kuma har yau ba a sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ba. Ranar 15 ga Agusta dai duk ɓangarorin biyu suna hutu a cikinta, a Kudu suna kiranta ranar dawowar haske. A irin wannan rana a 2015 Koriya ta Arewa ta mayar da agogonta baya da minti talatin, tana cewa Japan ce ta ɗora wa ƙasar lokacin Tokyo, sannan a Mayun 2018, bayan ganawar shugabannin biyu, ta sake daidaita shi da na Seoul.